KALMOMIN TAKARDAR BASHIN GIDA A MA'AUNIN SHARI'A

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya sanya gidajenmu wurin sutura da natsuwa, ya buɗe mana ƙofofin ciniki, ya rufe mana ƙofofin zalunci. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwana Musulmi, ina yi wa kaina wasiyya da tsoron Allah, ina kuma yi muku, musamman a kan abin da ya shafi dukiya, domin a nan ne ƙafar mutanen kirki ta fi zamewa.

Duk magidancin da ya ɗanɗana zaman haya a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, balle Yamai, ya san ɗacinsa. Wata bai ƙare ba mai gida yana bakin ƙofa. Bana a ƙara kuɗi, baɗi a ce ɗan mai gida zai yi aure, a kwashe kaya kafin damina. Saboda haka wanda ya tashi neman gidan kansa kada kowa ya ce masa mai son duniya ne. Matsugunni yana cikin haƙƙin iyali a kan mai gida, kamar yadda aya ta 6 ta Suratuɗ Ɗalaƙ ta nuna. Hanyar da za a bi a same shi, ita ce abin dubawa.

Yau bankuna suna ba da bashin gida mai dogon ajali. A shekarar 2010 ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa a Afirka ta Yamma suka kafa wata asusu a Lome domin tallafa wa bankuna da kuɗin irin wannan bashi, a shekarar 2018 kuma aka buɗe bankin gidaje na Nijar a Yamai. Ma'aikaci ko ɗan kasuwa sai ya tafi, a miƙo masa takarda mai shafi da yawa da harshen Faransanci, a nuna masa inda zai sa hannu, ya sa, alhali ko wanda ya yi karatun boko mai zurfi ba kowace kalma ya gane ba. Daga wannan rana ya ɗaure kansa da iyalinsa shekara 10 ko 15 ko 20.

Ku duba aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, kuma a kan bashi ta sauka. Allah ya yi umurni a rubuta bashi, a kafa shaidu, sa'an nan ya ɗora yin shiftar abin da za a rubuta a kan wanda ake bi, ba a kan mai bi ba. In kuwa wanda ake bi mai rauni ne, ko ba ya iyawa, to waliyyinsa ya yi a madadinsa da adalci. To yaya mutum zai yi shiftar abin da bai fahimta ba? Malamai sun haɗu a kan cewa bai halatta ga baligi ya shiga wani al'amari ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa. Ba a kuwa sanin hukunci sai an san ma'anar kalma. Wannan shi ne dalilin wannan nasiha.

Mu fara da kalmar da ta fi ruɗa mu a harshenmu. Bahaushe yana cewa "na ci riba" in ya sayi buhun gero ya sayar da ƙari. Wannan kalma daga ribhu ta Larabci take, kuma halal ce tsarkakakkiya. Akwai kuma riba ta biyu, wadda Alƙur'ani ya haramta, wato ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi saboda jinkiri. A baki muryarsu ta ɗan bambanta, a rubuce kuwa iri ɗaya ne. Da wannan kamanni ake yaudarar mutane da yawa, a ce musu ai banki ma kasuwa yake yi, ribarsa ce yake ci. Wannan magana tsohuwa ce. Ita ce mutanen jahiliyya suka yi, aya ta 275 ta Baƙara ta mayar musu da martani, ta raba tsakanin ciniki da riba. Domin mu kauce wa ruɗani, a cikin wannan bayani ta farkon zan kira ta ribar ciniki, ta biyun kuwa zan kira ta da sunan da kowa ya sani, wato ruwa.

A takardar banki, abin da aka ba ka ana ce masa kapital, mu muna cewa uwar kuɗi. Abin da za ka ƙara a kai ana ce masa antere, shi ne ruwa. Ma'aunin ruwan kuwa ana faɗinsa kashi kaza cikin 100 a shekara. In aka ce wa mutum kashi 9 cikin 100, sai ya ji abin kaɗan ne. To bari mu buga lissafi a kan misali. Mutum ya karɓi miliyan 10 na sefa, ruwa kashi 9, ajali shekara 15. Kowane wata zai biya jikka 101 da ƴan kai. In ya cika wata 180 yana biya, abin da ya fita daga hannunsa ya zarce miliyan 18 da jikka 250. Miliyan 8 da jikka 250 ruwa ne tsantsa.

Akwai abin da ya fi wannan ɓoyuwa. Banki yana haɗa wa mai bashi wata takarda mai layi-layi, jadawalin biya, wadda ke nuna yadda ake raba kuɗin kowane wata gida biyu. Mutane ƙalilan ne suke karanta ta. A misalinmu, cikin jikka 101 ta watan farko, jikka 75 ruwa ce, jikka 26 da ɗoriya kaɗai ke rage uwar kuɗi. Bayan shekara 5 cur, bawan Allah ya zuba fiye da miliyan 6, yana tsammani ya ci rabin hanya. In ya je ya tambaya, sai a ce masa har yanzu ana bin sa miliyan 8. Ba kuskuren lissafi ba ne, ba kuma sata ce ta ma'aikaci ba. Haka tsarin yake: ruwa ake fara sha, uwar kuɗi tana jira.

Za ku ga kuma haruffa uku, TEG. Ma'anarsu jimillar tsadar bashin a shekara in an haɗa ruwa da kuɗin buɗe dosiye da sauran abin da ake tilasta wa mai bashi. Kullum ya fi lambar da ake faɗa maka da baki. Hukumomin kuɗi na yankinmu sun sanya wa wannan jimilla iyaka: daga farkon shekarar 2014 aka ƙayyade kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan asusun ajiya da lamuni. Wanda ya wuce iyakar da doka ta sa, shi ne a wurin doka ya ci haramtaccen ruwa. A nan ma sai a yi hattara da kalma. Doka ta haramta abin da ya wuce iyaka, shari'a kuwa ba ta yanka iyaka ba. Aya ta 279 ta bar wa mai bin bashi uwar kuɗinsa kaɗai, kada ya cuta kada a cuce shi. A hajjin bankwana, shekara ta 10 bayan hijira, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya soke ruwan jahiliyya gaba ɗaya, ya fara da na baffansa Abbas, bai ce a bar kaɗan ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a shekarar 1985, ta yanke cewa ruwan banki, kaɗan ko mai yawa, shi ne ribar da aka haramta.

Ruwan nan iri biyu ne a takarda: tsayayye, wanda ba ya canzawa har ƙarshen ajali, da mai motsi, wanda ke hawa da sauka bisa yadda kasuwar kuɗi ta juya. Na biyun ya haɗa haram biyu, ruwa da jahiltar abin da za a biya. Shi ne ya rusa gidaje a Amurka a shekarun 2007 da 2008, inda aka ba talakawa bashin gida da ruwa mai sauƙi a shekarun farko, da ya hau suka kasa, miliyoyin iyalai suka rasa gidajensu, manyan bankuna suka durƙushe, girgizar ta kai ko'ina a duniya.

Sai kalmar difere, wato a ɗaga maka fara biya wata shida ko shekara har ka gama gini. Tana kama da jinƙai, amma galibi ruwa yana gudana a cikin watannin nan. Sai penalite, tarar jinkiri: in wata ya wuce ba ka biya ba, a ɗora wani ruwa a kan abin da ka makara da shi. Ya ku bayin Allah, wannan ita ce ribar jahiliyya da idonta da hancinta, inda mai bi yake cewa in ajali ya yi, ko ka biya ko a ƙara. Allah kuwa a aya ta 280 ya ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Kada kuma wanda ya sa hannu a matsayin shaida ya ce shi ba ruwansa. Hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya haɗa mutum biyar cikin la'ana: mai ci, da mai bayarwa, da marubuci, da shaidu biyu.

Yanzu mu zo ga kalmar da mutane suka fi tsoro, alhali ita ce mafi tsarki a cikin takardar duka. Ipotek, wato jinginar gida. Da yawa suna zaton jinginar ce haram. A'a. Jingina, wadda malamai ke kira rahnu, tana cikin Alƙur'ani a aya ta 283 ta Baƙara. Uwar Muminai A'isha, Allah ya yarda da ita, ta ba da labari cewa Manzon Allah ya sayi abinci bashi wurin wani Bayahude a Madina ya jinginar masa da sulkensa, kuma ya bar duniya sulken yana jingine a kan sa'i 30 na sha'ir. Jingina igiya ce da ake ɗaure bashi da ita. In bashin halal ne, igiyar halal ce. In bashin mai ruwa ne, laifin na ruwan ne.

Amma jingina tana da dokokinta, kuma a nan nake son mu daɗe, domin ɓarnar da ake yi a wannan babi tsakaninmu a unguwa ta fi wadda ake yi a banki.

A mazhabar Imamu Malik jingina ba ta cika sai abin ya shiga hannun mai bi, kamar yadda almajiran Risala suka sani. To gida fa, da mai shi yake ciki da iyalinsa? Malaman zamani da yawa sun ce rubuta jinginar a littafin hukuma yana tsayawa matsayin karɓa da hannu, tunda daga ranar mai gida ba ya iya sayarwa a ɓoye. Wannan shi ne aikin notar da ma'aikatar kula da filaye. Ƙasarmu tana cikin ƙungiyar OHADA, kuma dokarta ta jingina da lamuni, wadda aka sabunta a Lome a watan Disamba na 2010, ta ce asali ba a jinginar da gida sai wanda aka yi wa rajista. Shi ya sa banki yake neman titir fonsiye, cikakkiyar takardar mallaka. Takardar parsel da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa mataki ce zuwa gare ta, ba ita ba ce, balle takardar shaidar mai unguwa. Wanda ya sayi fili ya yi ƙoƙarin kammala takardunsa ko da ba ya nufin cin bashi, domin rigimar fili ɗaya mai takarda uku ta cika gidajen shari'armu.

Hukunci na farko: gidan da aka jinginar yana nan mallakar mai shi. A jahiliyya mutum yakan ce, in ban biya ba ran kaza abin ya zama naka. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Manzon Allah ya hana wannan, ya kuma bayyana cewa sharaɗin ɓatacce ne. In ajali ya yi aka kasa biya, alƙali ne zai sa a sayar, mai bi ya ɗauki haƙƙinsa daidai, sauran a mayar wa mai gida. Ita ma dokar OHADA ba ta yarda a rubuta sharaɗin mallake gidan da mutum ke zaune a ciki ba, kuma inda ta yarda mai bi ya karɓi gini a bakin kuɗinsa, ta wajabta a sa masani ya ƙiyasta shi a biya mai shi abin da ya haura. To mene ne hujjar attajirin da ya ranta wa maƙwabcinsa miliyan 2 lokacin rashin lafiya, ya riƙe takardar gidan miliyan 8, ranar da ajali ya cika ya aiko yaransa su canza kwaɗo? Ba shi da mafaka, ba a shari'a ba, ba a doka ba. Cin dukiyar ɗan'uwa ne da ɓarna, ko da an yi shi gaban shaidu goma.

Hukunci na biyu shi ne wanda ya zama ruwan dare a birni da ƙauye. Mutum ya matsu, ya karɓi rance, ya jinginar da gonarsa ko shagonsa ko gidansa. Mai kuɗi ya shiga yana noma gonar, ko yana karɓar kuɗin hayar shagon, shekara uku, shekara bakwai, ranar da mai abu ya samu hali kuma ya biya kuɗin cif ba ragi. Ku gaya mini, damin geron da aka ɗauka a shekarun nan, a bakin me? Shago mai hayar jikka 25 a wata, a shekara ya ba da jikka 300. In rancen miliyan 1 ne, mai kuɗi ya ci kashi 30 cikin 100 a shekara, ninki biyu na iyakar da aka sa wa banki a 2014, sa'an nan ya zo sahun farko yana zagin ma'aikatan banki. Ƙa'idar malamai sananniya ce: rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani da sharaɗi, riba ne. Malaman Malikiyya sun yi rangwame a wuri ɗaya kawai, wato in bashin daga ciniki ya fito, aka ambaci amfanin da tsawon lokacinsa tun wurin ƙulla cinikin, domin a nan amfanin ya zama ɓangaren farashi. A rance kuwa babu wannan ƙofa. Wanda yake riƙe da irin wannan jingina yau, ya lissafa abin da ya ci ya cire daga bashin.

Hukunci na uku gajere ne. Ba a jinginar da abin da ba a mallaka ba. Babban wa da ya ɗauki takardar gidan gado ya kai banki ba da yardar ƙannensa mata da marayun cikin gidan ba, ya ci amana.

Bayan jingina sai kosiyon, wato mai tsaya wa wani, abin da malamai ke kira kafala ko hamala, mu kuma lamuni. Aikin alheri ne, ba a kuma karɓar lada a kansa a duniya. Amma kada ka ɗauka sa hannun zumunci ne. A fiƙihunmu ba a tuhumar mai lamuni sai wanda ake bi ya tsiyace ko ya ɓace. A dokar OHADA kuwa, in ba a rubuta akasin haka ba, ana ɗaukar mai lamuni a ɗaure yake tare da mai bashi: da zarar an nemi mai bashi bai biya ba, ana iya juyowa kanka, ba ka da ikon cewa a fara sayar da kayansa tukuna. Ina jan hankalin mata ma'aikata musamman, waɗanda ake kawo wa takarda gida a ce sa hannu kawai za ki yi. Ƴar'uwa, albashinki ne kika jinginar. In kuma bashin mai ruwa ne, mai lamuni ya taimaka a kan saɓo.

Sauran kalmomin ba sa buƙatar dogon bayani. Apor shi ne kason da za ka kawo daga aljihunka kafin a ba ka sauran. Babu laifi a cikinsa. Kuɗin dosiye ya halatta in daidai yake da ainihin wahalar aikin, kamar yadda majalisar fiƙihu ta bayyana a Amman a 1986. Abin da ya haura haka ruwa ne da aka sauya wa riga. Sharaɗin albashinka ya riƙa biyowa ta bankin hanya ce ta tabbatar da biya, kuma galibi ba a yarda biyan wata ya wuce wajen sulusin albashi ba. Kenan mai misalinmu na ɗazu sai albashinsa ya kai jikka 300. Malamin makaranta nawa ne yake ɗaukar haka? Asirans kuwa, wadda ake tilasta wa mai bashi domin in ya mutu kamfani ya biya, majalisar ta hana irin ta kasuwanci a 1985, ta halatta ta taimakon juna wadda ake kira takaful. Damuwar da ta haifar da ita gaskiya ce: bashi yana gaban rabon gado a ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i, kuma an taɓa kawo gawa Manzon Allah ya ƙi yi mata salla saboda bashi, sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

To ina mafita? A shekarar 1990 majalisar nan ta zauna a Jidda a kan wannan mas'ala ta gidaje kanta. Ta tabbatar da cewa matsugunni buƙata ce ta asali, ta hana bashin gida mai ruwa, ta kuma nuna hanyoyin halal. A shekarar 2018 babban bankin ƙasashenmu ya fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ya ba sauran bankuna damar buɗe sashenta, ban da bankin Musulunci da yake Yamai tun da daɗewa. Saboda haka wasu kalmomin Larabci sun fara shiga takardu, su ma wajibi ne a san su.

Murabaha ita ce banki ya sayi gidan ya zama nasa, sa'an nan ya sayar maka da farashi sananne, ya faɗi abin da ya saya da ribar da ya ɗora, kana biya kashi-kashi. Na san abin da wani zai ce: Malam, wancan ya ba ni 10 ya karɓi 18, wannan ya sayi 10 ya sayar mini 15 ko ma 18, ina bambancin? Bambancin yana wuri biyu. Na farko, tsakanin saye da sayarwa gidan na banki ne. In ambaliya ta ci shi a wannan tsakani, asararsa ce, kuma da ɗaukar asara ake halatta ribar ciniki. Na biyu, farashi in an yanke shi ya yanku. Ko ka makara shekara biyu, dala ɗaya ba ta ƙaruwa. Ƙara farashi saboda ajali tun wurin ƙulla ciniki ya halatta a mazhabobi huɗu. Ƙari bayan bashi ya tabbata shi ne haram.

Sai dai kada in ɓoye muku cewa magabatan Malikiyya sun tsananta a nan. Sun hana mutum ya ce wa mai kuɗi, saya mini kaza da 10 hannu, ni zan karɓa da 12 zuwa ajali, domin suna ganin rance ne aka lulluɓe da ciniki. Da majalisar fiƙihu ta halatta murabaha a Kuwait a 1988, da sharaɗi ta halatta: sai banki ya mallaka ya karɓa kafin ya sayar. Saboda haka ka yi tambaya uku kafin ka sa hannu. Shin banki ya sayi gidan da gaske, ko kuɗi za a zuba mini in je in saya? In kuɗi ne aka zuba maka, rance ne, ko an rubuta murabaha da ruwan zinariya. Shin an sa ni sa hannun saye tun bankin bai mallaka ba? In haka ne, ya sayar da abin da ba shi da shi. In na makara, tarar ina take zuwa? Wasu malaman zamani sun yarda a ɗora wa mawadacin da ke taurin bashi wata sadaka domin tsawatarwa, tunda jinkirin mai hali zalunci ne, amma da sharaɗin ta tafi ga mabuƙata, kada ta shiga asusun banki.

Ijara mai ƙarewa da mallaka ita ce banki ya sayi gida ya ba ka haya, a ƙarshe ya sayar maka ko ya ba ka kyauta da wani ƙulli na daban. Alamar gaskiyarta ita ce manyan gyare-gyare suna kan banki muddin gidan nasa ne. In katanga ta faɗi aka ce kai za ka tayar, to sunan haya kawai aka ara. Musharaka mai raguwa kuwa tarayya ce: ka kawo kasonka, banki ya kawo nasa, kana biyan hayar kasonsa kana saye shi kaɗan-kaɗan har ya ƙare. Ga mai fili da yake son gini akwai istisna'i, wato a yi jinga da banki ya gina maka gida mai siffa sananniya da farashi sananne, shi ya nemo magini ya biya shi.

Akwai masu kafa hujja da larura, suna cewa ai majalisar fatawa ta Turai ta yi sauƙi a shekarar 1999. Haka ne ta yi, amma ga Musulmin da suke tsiraru a ƙasashen da babu wata hanya, kuma malamai da yawa sun saɓa mata tun a lokacin. Wanda yake Maraɗi yana da hayar da yake iya biya, yana da adashe, yana da dangi, ba ya cikin wannan fatawa. Iyayenmu da yawa ɗaki-ɗaki suka gina: bana tubali, baɗi kwanon rufi, a shiga ɗaki biyu a ci gaba. Mai iya fitar da jikka 101 kowane wata, in ya zuba ta a adashe na amana ko ya riƙa sayen siminti da ƙarfe, cikin shekara 8 da ƴan watanni ya tara miliyan 10 ɗin nan. Na san kuɗin haya yana cinsa a wannan tsakani, kayan gini kuma suna tsada. Ban ce hanyar mai sauƙi ce ba. Ku kuma mawadatan masallaci, ba daidai ba ne mu hana matasa ƙofar banki alhali mun rufe musu ƙofar rance mai kyau. Asusun rance marar ruwa a ƙarƙashin kwamitin masallaci, da rubutu da shaidu da jingina ta shari'a, abu ne da ƴan kasuwa goma za su iya tsayarwa.

Wanda kuma ya riga ya shiga, kada ya yanke ƙauna, kada kuma ya daina biya ya ce ai haram ne, ya jawo wa iyalinsa wisiye da gwanjon gida. Ya tuba, ya nemi sashen takardarsa da ke magana a kan biya kafin ajali, ya ga abin da za a caje shi, ya riƙa rage uwar kuɗi duk lokacin da ya samu hali, domin duk jikkar da ta fita daga uwar kuɗi ta daina haihuwar ruwa. Ranar da ya gama biya, akwai kalma ta ƙarshe da zai nema, manlebe, wato takardar sakin jingina. Biyan bashi shi kaɗai ba ya goge rubutun da ke littafin filaye. Sai ya karɓi takardar daga banki, ya kai ta a soke jinginar, ya karɓo titir ɗinsa ya ajiye inda magadansa suka sani.

Allah ya yaye wa kowane mai bashi bashinsa, ya suturta marar gida. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.